Sodiyom wuta, kulor guba: to yaya aka yi gishiri ya shiga miya?

Rabi: Assalamu alaikum jama'ar gida. Ina da tambaya, don Allah kar a yi mini dariya. Yau a darasin shimi, wato kimiyyar sinadarai, mushenmu ya ce sodiyom ƙarfe ne da in ya taɓa ruwa yana iya kamawa da wuta, kulor kuma iska ce mai guba, amma wai su biyun ne suka haɗu suka zama gishirin da muke zubawa a miya. Na rubuta a kaye, na haddace, amma zuciyata ta ƙi yarda. In wuta ta gamu da guba ai sai a samu abin da ya fi su muni. Ya kuma ce sodiyom "yana son" ya ba da elektron guda. So kamar yaya? Ranar Litinin za a yi mana gwaji a kai.

Ɗan Tibiri: Wa alaikumus salam. To ni daga yau na bar gishiri, a riƙa yi mini miya lami.

Malam Lawali: Wa alaikumus salam, ɗiyata. Babu abin dariya a nan, ɗalibin da ya haddace bai tambaya ba shi ne abin tausayi. Kowane atom yana da cibiya, cikinta akwai proton masu cajin ƙari da nitron marasa caji. Elektron masu cajin ragi suna kewaye da cibiyar hawa-hawa, kamar ɓawon albasa. Sodiyom proton 11 gare shi, elektron 11: biyu a hawan farko, takwas a na biyu, ɗaya tilo a na waje. Kulor 17 gare shi: biyu, takwas, bakwai. In sun gamu, tilon nan na sodiyom sai ya koma wajen kulor. Sodiyom ya saura da proton 11 da elektron 10, ƙari ya rinjaya da ɗaya, shi ne Na⁺. Kulor ya zama proton 17 da elektron 18, shi ne Cl⁻. Atom ɗin da lissafin cajinsa ya daina daidaita shi muke ce wa iyon. 'Yan uwanmu na Katsina ayon suke cewa, duk abu ɗaya ne.

Amsar tambayarki kuwa ga ta. Duk fitinar sodiyom a tilon elektron ɗin nan take, duk cutar kulor kuma a gurbin nan ɗaya take, don ko a huhun mutum ya shiga sai ya nemi inda zai fizgo elektron. Wanda ke cikin gishiri ya riga ya bayar, ɗayan ya riga ya karɓa. Faɗan an yi shi an gama tun kafin gishirin ya baro Bilma.

Rabi: Na gode Malam. Ke nan abin da ke cikin gishiri ba sodiyom ba ne?

Malam Lawali: Sodiyom ne, tunda proton ɗinsa 11 suna nan, kuma yawan proton shi ne sunan yanka na kowane sinadari. Hali ne ya sauya. Shekarun baya na taɓa samun ɗan guntunsa a labon wata lakwal da na koyar, yana kwance cikin kwalbar mai don kar iska ta taɓa shi. Da wuƙa na yanka shi kamar sabulu. Wajen yankan ya yi ƙyalli kamar azurfa, kafin in ɗaga shi in nuna wa 'yan baya har ya dushe. Na jefa kamar ƙwayar dawa cikin kwanon ruwa, ya narke ya dunƙule, ya dinga zagaya kwanon yana cuuu kamar an saka ƙosai a mai, har ya ɓace. Yaran da suka ga wannan ba na jin akwai wanda ya manta darasin.

Habu mai walda: Allah shi gafarta Malam, ni dai a firamare na tsaya, amma ina bin ku. Akwai tukunyar iskar da muke sayowa da tsada in za a yi waldar aliminiyom ko inoks (ƙarfen nan da ba ya tsatsa), argon. Maigidana da ya koya mini aiki cewa ya yi tana kare walda, bai taɓa gaya mini mi take karewa ba. Tana cikin wanga zance?

Malam Lawali: Tana tsakiyarsa ma, Habu. Argon elektron 18 gare shi: biyu, takwas, takwas. Hawansa na waje cike yake, ba ya bayarwa ba ya karɓa. Ƙarfe in ya narke, oksijen ɗin iska yana rububin sa, sai argon ya lulluɓe wurin ya kore iskar, shi kuma ko kallon ƙarfen ba ya yi. Ka lura Cl⁻ ma 18 ne, Na⁺ kuma 10 kamar neyon, wata iska 'yar gidan su argon. Kowane atom so yake ya cika takwas ya huta kamar su.

Isuhu: Malam, ku yi mini afuwa, ni ɗalibinku ne kuma har gobe a bayanku nake. Amma kalmar nan ta "so" ita ce ta rikita Rabi, mu ma ta rikita mu sai da muka shiga jami'a aka warware mana ita da ƙyar. Sodiyom ba ya son rabuwa da elektron ɗinsa. Da yana so, da kyauta zai sake shi. Kafin a ɓamɓare shi sai an kashe makamashi kilojul 496 (kilojul ma'aunin makamashi ne) a kowane mol, wato wani ƙayyadadden tarin atom da ake awo da shi a shimi. Da kulor ya karɓa, abin da ke dawowa 349 ne kawai. A kasuwa wanda ya sayi kaya 496 ya sayar 349 ai ya faɗi, faɗuwar 147. In don cika takwas ne kaɗai, cinikin nan ba zai yiwu ba.

Ɗan Tibiri: Yau ake yin ta, ɗan jami'a ya taso wa malaminsa.

Isuhu: Ba tasowa ba ce, Yaya. Ribar a gaba take. Da iyon ɗin suka samu, masu ƙari da masu ragi sai su janyo juna su jeru, kowane Na⁺ yana da Cl⁻ shida kewaye da shi, kowane Cl⁻ yana da Na⁺ shida, haka har iyakar ƙwayar gishirin. Jeruwar nan tana sakin wajen kilojul 787. Akwai wasu ƙananan kuɗin shiga, 107 na raba atom ɗin sodiyom daga dunƙulen ƙarfe, 122 na raba kulor da ke yawo biyu-biyu. In an tara an ɗebe, riba 411 ta rage, ita ce ke fita a matsayin zafi da haske. Shi ya sa gishiri bai narkewa a wuta sai digiri 801, alhali sodiyom kansa digiri 98 ya ishe shi, ko ruwa bai tafasa ba. Rabi, ki ɗauki gishiri mai tsakuwa ki duba da kyau, za ki ga wasu ƙwayoyin da kusurwa kamar ɗan akwati. Jerin nan ne ya fito fili.

Malam Lawali: Lissafinka daidai ne, Isuhu, ban da ta cewa a kansa. Amma ka zo ka tsaya gaban aji mai yara tamanin da azahar, watan Afrilu, ka fara da kilojul, mu gani mutum nawa za su kai ƙarshen awa idonsu biyu. Dokar takwas tsani ce. Ba mu muka ƙirƙiro ta ba, Kosel a Jamus da Luwis a Amurka suka fito da ita tun 1916, kuma a sinadarai ashirin na farko tana ba yaro amsa daidai kusan kullum. Da ita zai san manyeziyom Mg²⁺ ne, oksijen O²⁻ ne, ba tare da hadda ba.

Isuhu: Na yarda tsani ce, Malam. Abin da nake roƙo a gaya wa yaro cewa tsani ce. Ga misali: in Rabi ta tambaya mi ya hana sodiyom ba da biyu, dokar takwas cewa za ta yi "ya riga ya cika". Amma ainihin dalilin farashi ne. Na farko 496, na biyu 4562, ninki tara da ɗoriya, domin na biyun daga hawan ciki za a ciro shi, kusa da cibiya. Babu jeruwar da za ta biya wannan.

Rabi: Yaya Isuhu, to mi ya sa na farkon yake da araha haka? Neyon fa?

Isuhu: Na neyon 2081 ne. Ki ɗauka cibiya makiyayi ce, elektron kuma garke. Abu uku ke sa dabba ta ɓace ko ta tsaya: ƙarfin makiyayin, nisanta da shi, da yawan dabbobin da suka shiga tsakaninsu suka tare shi. Tilon sodiyom yana can hawa na uku, elektron goma sun gitta tsakaninsa da cibiya, daga jan proton 11 abin da ke isa gare shi kaɗan ne. Shi ɓarawo zai fara kamawa. A kulor ma goma ne suka gitta, amma proton 17 ne ke ja, don haka na wajen a matse suke, har in baƙo ya gifta a janyo shi. Kina tafiya daga hagu zuwa dama a layi ɗaya na jadawalin Mendeleyef, inda aka jera sinadarai bisa yawan proton ɗinsu, makiyayi yana ƙara ƙarfi, masu tarewa ba su ƙaru ba. Shi ya sa ƙarafa masu bayarwa suke hagu, masu karɓa suke dama.

Malam Lawali: Wannan misalin na makiyayi zan ara, ba kuma zan biya ba. Ƙara mata da na sauka ƙasa. Litiyom 520, sodiyom 496, potasiyom 419. Kowane mataki an ƙara hawa ɗaya, na waje ya ƙara nisa. Litiyom a ruwa kumfa yake yi a hankali, sodiyom ya yi gudu, potasiyom kuwa nan take yake kamawa da wuta mai launin shuni-shuni. Saboda wannan hali ba a taɓa tsintar su tsurarsu a ƙasa. Mutane sun yi dubban shekaru suna cin gishiri suna dafa sabulu da ruwan toka, ba wanda ya ga ƙarfen da ke ciki sai 1807, da Hamfiri Debi ya raba potasiyom da sodiyom da wutar batir a Landan.

A gidan su kulor kuma abin juyawa yake. Tunda su karɓa suke yi, ƙarami shi ya fi zafi: fuliyor gaba, sai kulor, sai burom, iyod a baya. Rabi, wannan juyin malamai suna son tambayarsa, ki riƙe.

Hajiya Sa'a: Sannunku da ƙoƙari. Ni ma'aikaciyar jinya ce, shimin lakwal ya daɗe da barina, amma iyon kullum muna tare. Yaron da zawo ya tsiyaye, ba ruwa kaɗai ya rasa ba, har da sodiyom da potasiyom, kuma da su jijiya da zuciya suke aiki. Shi ya sa garin nan na fakiti da muke cewa a dama a lita ɗaya yake da gishiri da potasiyom da sukari. Iyod ɗin da Malam ya ambata ma shi ake ɗan sakawa a gishiri saboda maƙoƙo.

Amma gargaɗi nake son yi. Bara yarinyar da ke taya ni aiki ta ga bayan gida ya yi dattin da ya ƙi fita, ta zuba zabel, ruwan nan mai kulor da ke sa tufafi fari, ta bi shi da ruwan wankin nan mai asid, ta turo ƙofa. Ina tsakar gida na ji tari ba ƙaƙƙautawa. Na same ta idanu jajur, hawaye na zuba, wani wari mai yankar maƙogwaro ya cika wurin. Na ja ta waje, muka bar ƙofar a buɗe har la'asar. Allah ya kiyaye, da dare ta warware. Don Allah mata, zabel shi kaɗai ake amfani da shi.

Malam Lawali: Allah ya ƙara kiyayewa, Hajiya. Asid ɗin ne ya saki kulor ya koma iska, da gurbinsa a buɗe. Irin iskar da aka saki kan sojoji a Ipir ta Beljiyam a 1915 ke nan, a yaƙin duniya na ɗaya.

Ɗan Tibiri: To ni ga tawa. Da aka yi rububin zinari a wajen Ɗan Isa, yara suna wanke ƙasa suna samun sa da ƙyallinsa. Mi ya sa shi ake tsintar sa haka, ƙarfe kuwa sai maƙeran da sun narka tama?

Isuhu: Yaya, ka kawo mini shaida ba tare da ka sani ba. Zinari ma elektron ɗaya ne a hawansa na can waje, kamar sodiyom. In ƙidayar na waje ce kaɗai magana, da ɗan kunnen Hajiya ya kama da wuta ranar da ta fara alwala da shi. Amma proton 79 ne a cibiyarsa, kuma elektron ɗin da ke ƙarƙashin na wajen ba su iya tarewa sosai, don haka a ɗaure yake tamau: 890 kafin a cire shi. Ga atom ɗinsa sun riƙe juna da ƙarfi. Oksijen ba ya da abin biyan wannan, sai zinari ya yi zamansa a ƙasa yadda yake. Baƙin ƙarfe kuwa tun tuni oksijen ya karɓe masa elektron, tama ke nan. Aikin maƙeri da gawayi da zuga-zugi shi ne ya ƙwace oksijen ɗin ya mayar wa ƙarfe abinsa. Tsatsa kuma komawa gida ce. Af, shi baƙin ƙarfe wani lokaci biyu yake bayarwa wani lokaci uku, Fe²⁺ da Fe³⁺, kuma ko ɗaya bai cika takwas ba.

Malam Lawali: Na ji, na ji. Tsanin bai kai wannan soron ba. Ko masu takwas ɗin ma ba waliyyai ba ne, a 1962 Nil Batilet ya sa gizenon ya haɗu da wani sinadari a Kanada, bayan an daɗe ana koyar da cewa ba zai yiwu ba. Amma Rabi, ranar Litinin dokar takwas za a tambaye ki, kar ki je ki rubuta wa mushenki labarin makiyayi ki ce Isuhu ne ya aike ki.

Maman Nana: Ina ta karatu ban sa baki ba. Ni tambayata ta madafa ce. Tukunyar aliminiyom irin wadda ake zubawa a kasuwa, shekara goma tana wajena ba tsatsa. Amma wadda nake dafa wake da kanwa a ciki ta yi baƙi, cikinta ya yi ƙananan ramuka. Ke nan aliminiyom irin zinari ne, kanwa ce kawai maganinsa?

Isuhu: A'a Inna, ya ma fi baƙin ƙarfe saurin bayarwa. Biyu, takwas, uku gare shi, yana sakin ukun ya zama Al³⁺. Dabararsa ita ce da iska ta taɓa shi, nan take fuskarsa take haɗuwa da oksijen ta yi wata 'yar fata siririya da ido ba ya gani, mai tauri, manne da jikinsa, sai ta rufe na ciki. Tsatsar baƙin ƙarfe kuwa burtsatsa ce, tana ɓarewa tana buɗe sabon wuri. Kanwa tana narkar da fatar nan, tukunya ta yi sabuwa, a sake narkar da ita, a haka ramukan suke samuwa. In da hali, abin kanwa a yi shi a tukunyar ƙasa ko ta inoks. Ita kanwar ma sodiyom ne a cikinta, da karbonat.

Habu mai walda: Wannan fatar na san ta! In ba a goge aliminiyom da buroshi ba walda ba ta kamawa, ƙarfen ya narke a ciki amma sama ta ƙi. Shekara goma sha biyar ina gogewa ban san mi nake gogewa ba. To kwanon rufi fa? Na taɓa sayen bandir a wajen wani, damina biyu ya yi ja, na maƙwabcina kuwa har yau fari.

Malam Lawali: Tutiyar da aka shafa wa naka ce ta yi ƙaranci. Tutiya ta fi baƙin ƙarfe saurin sakin elektron, don haka muddin tana nan ita ake ci, ko da kwanon ya ƙarzu. Ranar da ta ƙare sai a waiwayi ƙarfen.

Ga abin da kowa zai iya gwadawa a gida. Batir uku na tocila, ɗan ƙwan tocila irin na yanzu, da waya biyu da ba su taɓa juna ba. A tsoma bakinsu cikin busasshen gishiri, sannan ruwan sukari, sannan ruwan gishiri. Batir na ce, kar wani ya kusanci wutar bango.

Habu mai walda: Malam, na gwada yanzu a shago, yarana sun taru a kaina. Busasshen gishiri shiru. Ruwan sukari ɗan ja-ja kamar garwashin da ya kusa mutuwa. Ruwan gishiri kuwa ƙwan ya kama sosai. Kuma ɗaya wayar tana ta fitar da ƙananan kumfa, ruwan gefen ɗayar ya fara sauya launi.

Isuhu: A busasshe iyon suna nan amma a jere suke, ba mai motsi. Ruwa ya warware jerin, suka samu hanya, masu ƙari suka nufi waya ɗaya masu ragi suka nufi ɗayar. Sunan ma daga nan ya samo asali, Faraday ya fara amfani da shi a 1834, daga kalmar Girkanci mai nufin mai tafiya. Sukari ba ya rabuwa ya zama iyon, ɗan hasken da ka gani na gishirin da ke cikin ruwan pampo ne tun asali. Kumfar idurojen ce. Launin kuma wayarka ce ta jan ƙarfe take sakin elektron tana narkewa cikin ruwan, don haka a zubar da shi, kar yaro ya kai baki.

Rabi: Bari in gwada ko na gane. Kalsiyom 20 ne: biyu, takwas, takwas, biyu. Zai ba da biyu ya zama Ca²⁺, kuma zai fi manyeziyom saurin bayarwa tunda na wajensa sun fi nisa da cibiya. Da kulor kuma sai an samu guda biyu, kowanne ya karɓi ɗaya, CaCl₂. A takarda zan rubuta ya cika takwas, a raina na san ciniki ne.

Malam Lawali: Ashirin bisa ashirin. Yi mini aliminiyom da oksijen kafin isha'i, wannan sai kin ɗan yi tunani.

Ɗan Tibiri: Maman Nana, in kin yanke shawarar jefar da tukunyar nan, Habu yana sayen aliminiyom a kilo. Ni ne dillali.